Mahaɗar Kogi da Teku da Barazanar da Take Fuskanta: Nazari daga Sabha zuwa Gaɓar Bahar Rum

1.0 Gabatarwa

Mutumin da ya tashi a Jadid, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin da suka haɗu suka zama birnin Sabha, yana iya girma har ya yi furfura bai taɓa ganin teku ba. Tsakanin Sabha da Tarabulus akwai tafiyar fiye da kilomita 600, galibinta duwatsu da rairayi. Haka ma Bahaushen Kano ko na Katsina, domin ƙasar Hausa ba ta yi iyaka da teku ta kowace fuska ba. Duk da haka, mutanen waɗannan wurare biyu sun daɗe da sanin labarin teku, saboda a da ayarin fatake da ke tasowa daga Kano yakan ratsa Fezzan, ya yada zango a Gat ko Murzuk, kafin ya sauke kayansa a Tarabulus, a gaɓar Bahar Rum.

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana wa ɗalibi mene ne mahaɗar kogi da teku, yaya take aiki, kuma waɗanne ayyuka na ɗan Adam ne suke yi mata illa. Za a ɗauki yawancin misalai daga gaɓar Libiya, a ƙara da na Kogin Nilu da na Kogin Kwara. Abin da ake son ɗalibi ya riƙe shi ne, bakin teku da cikin ƙasa a ɗaure suke da juna: abin da aka yi a tudu yakan gangara zuwa gaɓa, abin da ya lalace a gaɓa kuma yakan dawo ya sami mutanen tudu har gida.

2.0 Kalmomin da Za a Yi Amfani da Su

Tun da Hausawa ba mazauna bakin teku ba ne, harshensu ya fi wadata da kalmomin ruwan daɗi, irin su kogi da gulbi da rafi da ƙorama da tafki da fadama. Kalmar bahar aro ce daga Larabci, kuma ta fi fitowa a sunaye kamar Bahar Rum da Bahar Maliya. Saboda haka, mai rubutu a kan wannan fanni dole ne ya faɗaɗa ma'anar wasu kalmomi, ya kuma ƙirƙiri wasu. Ga waɗanda za a ci karo da su:

Gaɓa: inda ƙasa ta ƙare ruwa ya soma, ko a kogi ko a teku.

Mahaɗa ko bakin kogi: wurin da ruwan kogi yake shiga teku ya gauraya da ruwan gishiri.

Dalta: ƙasar da laka da yashin kogi suka gina a bakinsa, inda kogin yakan rarrabu rassa-rassa.

Tafkin gaɓa: ruwa marar zurfi da wani siririn tudun yashi ya raba shi da teku, amma da 'yar ƙofa a tsakaninsu.

Sabka: kalmar Larabci ce, tana nufin fili mai gishiri wanda ruwa ke kwanciya a kansa da hunturu, ya ƙafe da bazara.

Zartsi: ruwan da yake tsakanin daɗi da gishiri. Bahaushe ya san wannan kalma daga rijiya, ga shi kuwa ita ce ta fi dacewa da ruwan mahaɗa.

3.0 Yadda Mahaɗa Take Aiki

A kowace lita ta ruwan babban teku akwai gishiri kimanin giram 35. Na Bahar Rum ya ɗan fi haka, yakan kai giram 38 ko 39, domin rana tana ƙafar da ruwa mai yawa, kogunan da ke zuba a cikinsa kuma kaɗan ne. Ruwan kogi shi kuwa gishirinsa bai taka kara ya karya ba. Da yake ruwan gishiri ya fi nauyi, idan suka haɗu sai na kogi ya hau sama, na teku ya kutsa ta ƙasa. Iska da igiyar ruwa da cikowa da janyewar teku su ne ke gauraya su, har a sami ruwan zartsi.

A wannan wuri ne gudun kogi ke raguwa, sai ya sauke kayan da ya ɗauko tun daga tudu, wato laka da yashi da ruɓaɓɓen ganye. Wannan laka taki ce. Ita ke ciyar da ƙananan tsirrai da halittun da ido ba ya gani, su kuma su ciyar da jatan lande da ƙaguwa da 'ya'yan kifi. Kifaye da dama na teku a mahaɗa ko a tafkin gaɓa suke yin ƙuruciyarsu, domin ruwan ba zurfi, abinci ya wadata, ga kuma wurin ɓuya daga manyan kifaye. Ke nan, mahaɗa ɗakin raino ce ga teku. Tsuntsayen da ke ƙaura tsakanin Turai da Afirka su ma a irin waɗannan wurare suke sauka su huta kafin su tunkari Sahara.

Bugu da ƙari, mahaɗa garkuwa ce. A ƙasashe masu zafi da damina, kamar kudancin Nijeriya, itatuwan mangurof ne ke tsirowa a cikin ruwan zartsi. Saiwoyinsu suna riƙe laka, suna kuma karya ƙarfin igiyar ruwa. A Bahar Rum babu mangurof, amma akwai wata ciyawar ƙarƙashin ruwa da ake kira fosidoniya, wadda ke yin irin wannan aiki. Busassun ganyenta da teku ke tarawa a gaɓa, waɗanda wasu ke ɗauka shara ne, su ne ke kare yashi daga zaizaya lokacin guguwar hunturu.

Abin lura a nan shi ne, gaɓa ba abu ne tsayayye ba. Kullum teku yana kwashe yashi, kullum kogi yana kawo wani. Muddin abin da ke zuwa ya kai abin da ke tafiya, gaɓa tana nan inda take. Ranar da aka taɓa wannan ma'auni, ranar ce matsala ke somawa.

4.0 Gaɓar Libiya

Tsawon gaɓar Libiya ya kai kimanin kilomita 1,770, daga iyakar Tunisiya zuwa ta Masar, kuma mafi yawan mutanen ƙasar a wannan siririn zirin suke zaune. Sai dai ƙasar ba ta da ko da kogi ɗaya mai gudu duk shekara daga tudu zuwa teku. Abin da take da shi kwaruruka ne, waɗanda Larabawa ke kira wadi, da suke bushe a yawancin lokaci, su cika su tumbatsa idan an yi ruwan sama mai ƙarfi.

Wannan ya sa mahaɗun Libiya suka bambanta da na sauran ƙasashe. Wasunsu maɓuɓɓuga ce ke ciyar da su, kamar bakin Wadi Ka'am da ke tsakanin Khums da Zilitan, inda idon ruwa ke sa a sami ruwa a ƙarshen kwarin ko da rani. Wasu tafkunan gaɓa ne, kamar Farwa da ke yamma kusa da iyakar Tunisiya, da Ain al-Gazala da ke gabas tsakanin Darna da Tubruk. Wasu kuma sabka ce, wadda mafi shahara a cikinsu ita ce ta Tawarga, kudu da Misrata. Yashin gaɓar Libiya yana cikin muhimman wuraren da kififiyar teku ke hawa ta haƙa rami ta yi ƙwai a duk faɗin Bahar Rum. Da yake waɗannan wurare 'yan kaɗan ne, kuma ƙanana, asarar ɗaya daga cikinsu ba ƙaramar asara ba ce.

5.0 Barazanar da Ɗan Adam Ke Haddasawa

5.1 Zuƙe Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa

Haɗuwar ruwan daɗi da na gishiri ba a sarari kaɗai take faruwa ba, har a ƙarƙashin ƙasa. A kusa da gaɓa, ruwan rijiya yana zaune ne a kan ruwan teku da ya tsattsafo ta cikin yashi da dutse, nauyinsa ne kuma ke danne shi. Masana sun ƙiyasta cewa idan ruwan daɗi ya sauka da mita ɗaya, ruwan gishirin da ke ƙasa yana iya tasowa da kimanin mita 40. Wato ɗan ragi a sama yakan jawo babban tashi a ƙasa.

Abin da ya faru ke nan a filin Jafara, inda Tarabulus take. A rabin ƙarshe na ƙarni na 20 birnin ya bunƙasa, gonaki suka yawaita, injin ya maye gurbin guga, aka riƙa jan ruwa fiye da abin da sama ke mayarwa. Sannu a hankali rijiyoyin da ke kusa da gaɓa suka koma zartsi, wasu ma suka gagari sha da ban ruwa. Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. A nan ma ba teku ne ya yi ta'adi ba, mutum ne ya buɗe masa ƙofa.

A nan ne labarin ya shafi Fezzan kai tsaye. A shekarar 1984 aka aza harsashin aikin da aka sani da Babban Kogin da Mutum Ya Haƙa, wato jerin manyan bututu, masu faɗin da ya kai mita 4, da ke ɗauko ruwa daga ƙarƙashin Sahara zuwa biranen gaɓa. Kashi na farko ya kai ruwa Bangazi da Sirt a 1991. Kashi na biyu, wanda ya isa Tarabulus a 1996, daga rijiyoyin Jabal Hasawna yake ɗebowa, a arewacin Fezzan. Wannan ruwa ya taru ne dubban shekaru da suka wuce, lokacin da Sahara ke da damina, kuma ruwan saman yau ba ya mayar da gurbinsa. Ke nan, gishirin da ya shiga rijiyoyin gaɓa, da ajiyar ruwan kudu ake biyan bashinsa. Manomin dabino a Fezzan wanda bai taɓa ganin teku ba, yana da ruwa da tsaki a cikin yadda ake tattalin ruwa a Tarabulus.

5.2 Tare Hanyar Laka da Yashi

Matsala ta biyu ita ce gine-ginen da ke sauya tafiyar laka. Wannan ba sabon abu ba ne. A kangon birnin Labda, kusa da Khums, har yanzu ana ganin tashar jiragen ruwa da aka faɗaɗa a zamanin Sarkin Rum Sabtimiyus Sefirus, ɗan asalin garin, wanda ya yi mulki daga shekarar 193 zuwa 211. An gina ta ne a bakin Wadi Labda, aka kewaye ta da katangun dutse. Ba a daɗe ba laka da yashi suka taru suka cike ta, jirage suka kasa shiga. Masu ginin sun ƙware a sassaƙar dutse, amma ba su yi lissafin kayan da kwarin ke ɗaukowa ba.

A Masar kuma akasin haka aka samu. Kafin a kammala babbar madatsar Aswan a 1970, Kogin Nilu yakan gangaro da laka fiye da tan miliyan 100 a kowace shekara. Bayan an gina ta, sai lakar ta riƙa kwanciya a bayan madatsar. Madatsar ta samar da lantarki, ta kuma kare Masar daga ambaliya da fari, amma bakin kogin a Rashid da Dimyat ya soma zaizayewa, kifin sadin da ake kamawa a gaban daltar kuma ya ragu ƙwarai a shekarun farko, saboda takin da ke ciyar da shi ya yanke.

Kogin Kwara ma bai tsira ba. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180, daga tsaunukan Gini zuwa Tekun Atlantika. Gulbin Sakkwato da Rima da Kogin Kaduna duk a cikinsa suke zuba, kafin ya haɗu da Binuwai a Lakwaja. Madatsar Kainji, da aka gama a 1968, da na Jebba da Shiroro da suka biyo baya, suna riƙe wani kaso na lakar da a da take isa Neja-Delta. Wato ƙasar da ruwan damina ya wanke daga gonakin Kabi da Zamfara tana cikin abin da ya gina gaɓar kudu.

5.3 Gini a Hanyar Ruwa: Darasin Darna

Birnin Darna, a gabashin Libiya, yana zaune ne a kan ƙasar da Wadi Darna ya tara a bakinsa, kwarin kuma ya ratsa tsakiyar garin. A shekarun 1970 aka gina madatsu biyu a kan kwarin don tare ambaliya. Da mutane suka ga ruwa ya daina zuwa, sai gidaje da benaye suka matso har bakin kwarin.

A shekarar 2022 wani masanin ruwa na Jami'ar Umar al-Mukhtar da ke Baida, Abdulwanis Ashur, ya buga bincike a mujallar kimiyya ta Jami'ar Sabha, inda ya yi gargaɗin cewa madatsun suna bukatar gyara, kuma babbar ambaliya za ta zama bala'i ga mazauna kwarin. A daren 10 ga Satumba zuwa wayewar 11 ga wata, 2023, guguwar da aka laƙaba wa suna Daniyel ta sauke ruwa irin wanda ba a saba gani ba. A Baida an auna fiye da milimita 400 a cikin awa 24, alhali abin da Sabha ke samu a shekara guda bai cika kai milimita 20 ba. Madatsun biyu suka fashe, ruwa ya share unguwanni ya zuba su a teku. An tabbatar da mutuwar fiye da mutum 4,000, wasu dubbai kuma ba a gan su ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Darasin a bayyane yake. Ƙasar bakin kwari ruwa ne ya gina ta, kuma duk daɗewar da ya yi bai zo ba, hanyarsa tana nan. Madatsa tana rage haɗari, amma ba ta kawar da shi, musamman idan aka bar ta ba kulawa.

5.4 Gurɓata Ruwa

Tun da mahaɗa wuri ne da ruwa ke lafawa ya sauke kayansa, duk dattin da aka zubar a sama a nan yake taruwa. A biranen gaɓa da dama na Libiya, ƙazamin ruwan gidaje yana shiga teku ba tare da an tace shi yadda ya kamata ba. A kusa da tafkin Farwa akwai tsohuwar masana'antar sinadarai ta Abu Kammash, wadda ta yi amfani da zaiba. Ko da yake ta daina aiki, an sami zaiba a lakar yankin da kifayensa. Zaiba ba ta ruɓewa. Daga laka take shiga jikin ƙananan halittu, daga nan ta shiga kifi, ta ƙare a jikin mai cin kifin.

Misali mafi girma a Afirka ta Yamma shi ne Neja-Delta, inda dajin mangurof mafi faɗi a nahiyar yake. An gano man fetur a Oloibiri a 1956, aka soma fitar da shi waje a 1958. Tun daga lokacin malalar mai, ko daga tsofaffin bututu ko daga masu fasa su, take kashe itatuwa da kifi. A watan Agusta na 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a kan ƙasar Ogoni, ta ce gyaran wurin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. A wata unguwa ta Ogale an sami sinadarin benzin, mai haddasa ciwon daji, a ruwan rijiya har ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi.

5.5 Mummunan Kamun Kifi

Wasu masunta a gaɓar Libiya suna jefa nakiya a ruwa don su kwashi kifi da yawa cikin sauri. Nakiya ba ta zaɓe, tana kashe babba da ƙarami har da ƙwai. Manyan jirage masu jan koma a ƙasan teku su kuma suna tumɓuke ciyawar fosidoniya, wadda tsironta ke da matuƙar jinkiri. Sarkawan ƙasar Hausa sun san wannan haɗari tun da daɗewa, shi ya sa a wurare irin su Argungu ake hana su a wasu gurabun ruwa sai lokacin da sarkin ruwa ya ba da izini.

6.0 Matakan Kariya

A shekarar 1971 aka ƙulla yarjejeniyar kare fadamu da dausayi a garin Ramsar na ƙasar Iran. A ƙarƙashinta aka sanya wurare biyu na gaɓar Jabal Akhdar a Libiya, wato Ain al-Shakika da Ain al-Zarka, a shekarar 2000. Sai dai suna a takarda ba ya hana ɓarna. Abubuwan da ke aiki sanannu ne: a auna ruwan da ake ja daga rijiyoyin gaɓa, a tace ƙazamin ruwa a mayar da shi gona, a bar tazara tsakanin gidaje da bakin kwari, a riƙa duba madatsu a kan kari, a hana ɗibar yashin gaɓa don gini, a kuma ware lokacin da kifi zai hayayyafa. Ƙaruwar tsayin teku da ɗumamar yanayi ke jawowa ta ƙara wa waɗannan matakai gaggawa, domin gaɓar da ta riga ta raunana ita ce ruwa zai fara ci.

7.0 Kammalawa

An ga cewa mahaɗa wuri ne na ma'auni, tsakanin ruwan daɗi da na gishiri, da tsakanin yashin da ke zuwa da wanda ke tafiya. An kuma ga cewa yawancin illolin da ke samun ta daga hannun mutum suke fitowa, wani lokaci ma mutumin da ke nesa da ita. Rijiyoyin Jafara sun yi zartsi, sai aka juyo ga ruwan Fezzan. An datse Kwara a Kainji, sai gaɓar Neja-Delta ta ji a jikinta. Gargaɗin Darna kuwa a Sabha aka buga shi. Don haka ɗalibin Hausa, ko a Jadid yake ko a Zariya, yana da dalilin sanin wannan fanni, yana kuma da aikin samar masa da kalmomi a harshen da jama'a za su fahimta.

Tambayoyi

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin mahaɗa da dalta da tafkin gaɓa.
2. Me ya sa kalmar zartsi ta dace da ruwan mahaɗa? Gina jimloli uku da ita.
3. Yi bayanin yadda ruwan teku ke shiga rijiya, da yadda wannan ya shafi Fezzan.
4. Kwatanta abin da ya faru a Labda da wanda ya faru a bakin Kogin Nilu.
5. Kawo karin magana biyar na Hausa da suka ambaci ruwa ko kifi, ka faɗi ma'anar kowanne.